Hancin Shagon Tela a Ɗakin Makullai

Sarkin Makulli azzalumi ne, kuma cikinsa ne ya mai da shi haka. Don ya soya nama a ɓoye, saura kaɗan ya raba wata baiwar Allah da shagon da take ciyar da marayunta da shi. Duk wanda ya ce wasa ya yi, to bai san wasa ba.

Shi ne mai kula da gininmu, bene mai hawa uku, cike da shaguna da ofisoshi. Ba ƙwazo ya ba shi aikin ba. 'Yar Hajiya, mai ginin, yake aure. Makullan kowace ƙofa suna rataye a ƙugunsa, kafin ka gan shi ka ji kacau-kacau, shi ya sa sunan ya bi shi. Yana da ɗan ɗaki a ƙasa, ɗakin makullai, can ƙarshen baranda, tagarsa tana kallon bayan wani gidan abinci.

A bakin ƙofar shiga, jikin bango, akwai jan akwati mai ɗan gilashi da maɓallai. Shi ne allon ƙararrawar gobara. Kowane ɗaki kuma yana da wata farar na'ura a silin, kamar kifaffen faranti, mai shinshinar hayaƙi. Mu hanci muke ce mata. Kowane hanci da lambarsa, allon kuma ya haddace wace lamba ce ta wane ɗaki. Da zarar hayaƙi ya shiga ɗaya, jiniya ta ɗauka, allon ya rubuta sunan ɗakin ɓaro-ɓaro kowa ya gani. Don haka muke kiransa Magulmaci.

Mai duba shi wani ƙaton mutum ne mai yawan dariya, Mai Ƙararrawa. Lokaci-lokaci yakan zo ya gwada baturan allon, ya kakkaɓe ƙura, sannan ya bi ɗaki-ɗaki da doguwar sanda mai kofi a kai yana fesa wa kowane hanci hayaƙin gwaji. Aikin na mutum biyu ne. Shi yana sama yana fesawa, wani yana gaban allo yana karanta masa ta waya sunan ɗakin da ya fito. Sarkin Makulli ne ke tsayawa gaban allon kullum, don ba ya son hawa bene.

Wata rana da aka sauke hancunan don sharewa, Mai Ƙararrawa ya ja masa kunne. "Sarki, kada ka cuɗa min su. Lambar a bayan kowannensu take, ba a silin ba. Ka kai hancin mai aski ɗakin likitan haƙori, sunan mai aski zai ci gaba da kira har ya mutu."

Mutumin kirki in ya ji irin wannan sai ya kiyaye. Shi da ya ji sai ya ajiye a aljihu.

Ana nan likita ya hana shi mai da gishiri saboda hawan jini. Matarsa ba ta wasa da maganar likita. Kullum da rana takan kawo masa dafaffen ganye a kula, ta tsaya sai ta ga ya kai loma. Da ta juya baya sai ya kulle ƙofa, ya jawo ƙaramin murhun lantarki daga cikin kabad, ya ɗora kasko, ya zuba nama mai kitse da albasa. Ƙamshin yana bin taga, kowa ya ɗauka na gidan abincin nan ne. Amma hanci ba ya karɓar cin hanci. Ran da man ya ƙone jiniya ta tashi, Magulmaci ya rubuta ɗakin makullai. Allah ya taimake shi ya riga kowa isa, ya kashe ƙarar, ya goge rubutun, ya ce ƙura ce.

Ya san sa'a ba ta zuwa kullum. In ya cire hancin, allon zai kunna fitila rawaya ya yi ta tsiwa har a mayar. In ya rufe shi da safa, Hajiya takan leƙo ba sanarwa. Sai ya tuna abin da ya ajiye a aljihu. Ranar da ba a buɗe shaguna ba ya ɗauki tsani ya hau hawa na biyu, ya buɗe shagon Gwaggo Tela, ya murɗe hancinta ya sauko da shi ɗakinsa, ya kai mata nasa. Ita ya zaɓa don tana da dutsen guga mai tururi, kuma mijinta ya rasu, ba mai tsaya mata. Duk wannan daga baya muka sani.

Abin da muka sani a lokacin shi ne jiniya ta addabe mu. Rana tsaka sai ka ji ta ɗauka, gini ya zubo waje. Mai aski da wanda aka aske wa rabin kai, likitan haƙori da majinyacinsa baki cike da auduga, mai kitso da 'yan matanta gashi a tsaye. Shi kuwa Sarkin Makulli ya zare murhu, ya buɗe taga, ya kulle ƙofa, ya fito ya fi kowa ihu. Sai ya tsaya gaban allo yana nunawa da makulli.

"Ku karanta da kanku, kada a ce na ce! Shagon tela, hawa na biyu. Gwaggo, so kike ki gasa mu?"

"Gasa ku na yi me da ku?" in ji Gwaggo Tela. "Kai ko an gasa ka wa zai ci? Ni maɓalli nake ɗinkawa, ko ashana ban ƙyasta ba."

"To allon ƙarya yake yi?"

"Wannan allon da kai uwarku ɗaya."

Muka yi dariya, amma rubutu rubutu ne. In aka hawo shagonta ba a ga hayaƙi ba, sai ya ce ai tururi ne, ya riga ya baje. Mu ma, in faɗi gaskiya, mun yarda. Mutum yana iya musu da maƙwabcinsa, amma da wuya ya yi musu da inji.

Abin ya kai kunnen Hajiya. Ta zo da kanta ta ce in aka sake, Gwaggo ta nemi wani wuri. Gwaggo ta naɗe wayar dutsen gugarta, ta kai wa mai aski ajiya a gaban shaidu, ta koma kai ɗinki gida tana gogewa. Aka ɗan sami lafiya, don shi ma ya tsorata ya rage wuta. Amma mai kwaɗayi ba ya daɗewa a kan tuba. Ran nan jiniya ta sake tashi, Magulmaci ya sake kiran shagon tela.

Mai aski ya ɗago dutsen gugar sama. "Hajiya, ga shi nan sanyi ƙalau, a ƙarƙashin kujerata yake kwana."

"Tana da na biyu," in ji Sarkin Makulli. "Tela da dutse ɗaya? A ina aka taɓa yi?"

Hajiya ta gaji. Masu haya suna barazanar tashi, likitan haƙori ya ce saura kaɗan ya cire wa mutum haƙorin da ba shi ba. Ta ce Gwaggo ta kwashe kayanta a ƙarshen wata.

Gwaggo ba ta yi kuka ba, amma muryarta ta sauka. "Hajiya, a shagon nan masu kawo min ɗinki suka san ni. In na tashi, ni da yaran nan sai abin da Allah ya yi. Alfarma ɗaya nake roƙo. A kira Mai Ƙararrawa ya duba hancin nan, kina wurin."

"A kira shi mana," in ji Sarkin Makulli da sauri. Hankalinsa kwance yake. Ai shi ne mai karanta allo. Duk abin da ya fito, abin da ya ga dama zai faɗa a waya.

Mai Ƙararrawa ya zo da sandarsa da tsaninsa da jakarsa, yana tsokanar kowa. Ya buɗe allon ya sa shi a kan gwaji, don kada jiniya ta tashi mutane su sake zubowa. Sarkin Makulli ya gyara tsayuwa a wurinsa na kullum, waya a hannu. Sai ga Hajiya ta shigo tana dafa bango, ta dubi matakala, ta dubi gwiwoyinta, ta sa aka kawo mata kujera gaban allon.

"Ni ba inda zan hau. Ba ni wayar nan. Kai da ke da ƙafafu ɗauki tsani ka bi shi."

"Hajiya, ai karatun allon sai wanda ya saba. Rubutun ƙanana ne."

"Da tabarau na zo. Kafin a haifi matarka nake karatu. Wuce."

Mutum ba ya ja da surukarsa a gaban jama'a, balle surukar da ke biyan shi albashi. Ya saɓa tsani ya bi bayan Mai Ƙararrawa, makullan nan sun daina kacau-kacau don ya dafe su da hannu. Mu ma muka bi, don ba mai son a ba shi labari.

Aka fara da shagon mai aski. Mai Ƙararrawa ya ɗaga sanda, ya kifa kofin a kan hancin, ya fesa. Ɗan jan haske ya kama. Muryar Hajiya ta fito ta waya, ya sa ta a fili kowa yana ji.

"Shagon aski."

"Daidai, ranki ya daɗe. Kin ci jarrabawa."

Aka shiga shagon Gwaggo. Ya fesa. Jan haske ya kama.

"Ɗakin makullai," in ji Hajiya.

Mai Ƙararrawa ya fashe da dariya. "Hajiya, a goge tabarau. A shagon tela muke."

"Kai ka goge bakinka. Ɗakin makullai, ƙasa. Ga shi nan harafi-harafi."

Dariyar ta tsaya. Ya karɓi tsani daga hannun mai riƙe da shi, ya hau, ya murɗo hancin, ya juya bayansa ya duba lambar. Sannan ya dubi Sarkin Makulli daga sama, irin kallon da uba ke yi wa yaron da ya ce ba shi ya sha madara ba alhali ga ta a leɓensa.

"Sarki, wannan ɗan gidanka ne. Me ya kawo shi hawa na biyu? Ko ɗinki ya kawo?"

"Wataƙila ran da ka share su ka cuɗa."

"Ran da na share su na gwada su ɗaya-ɗaya, kai ka karanta min. Mu je mu gaida na ɗakinka."

Muka sauko. A bakin ƙofa Sarkin Makulli ya shiga lalube, ya juya wannan, ya gwada wancan, ya ce makullin ya ɓata. Mutumin da ke da makullin kowa ya rasa nasa. Daidai nan matarsa ta shigo da kular ganye.

"Baban yara, me kake nema? Ba shi ne a zaren wuyanka ba?"

Aka buɗe. Mai Ƙararrawa ya fesa wa hancin da ke silin. Ba a ma buƙaci waya ba, daga bakin ƙofa muka ji Hajiya ta ɗaga murya.

"Shagon tela, hawa na biyu!"

"Ikon Allah," in ji Gwaggo. "Ashe ina da reshe a ƙasa ban sani ba. Sarki, ina cinikin da aka yi min?"

Da aka sauko da hancin sai ga shi ya yi rawaya, yana danƙo. Mai Ƙararrawa ya shinshina ya miƙa wa matar. Ita kuwa ta ajiye kula, ta nufi kabad kai tsaye. Ga murhu, ga kasko da sauran kitse a daskare, ga kwalbar mai, ga gishiri cike da gwangwani.

"Shi ya sa!" ta ce. "Ina ta ba ka ganye kana ta ƙiba, har na fara zargin ganyen."

Mai aski ya zauna a ƙasa don dariya. Shi kuwa gogan ya ce ai ɗan abin taɓawa ne, bai yi nufin a kori kowa ba, da ma yana shirin roƙa mata Hajiya. Ƙarya ce. Shi ya fi kowa zuga.

Mai Ƙararrawa ya bari aka gama dariya, sannan ya yi magana, kuma ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. "Hajiya, bar batun shago. Da man nan ya kama da gaske, allon zai ce hawa na biyu. Masu kashe gobara su haye sama da mesa suna fasa ƙofar tela, wuta tana ƙasa tana cin hanyar da kowa zai bi ya fita. Akwatin nan abu ɗaya ya iya, ya faɗi inda wuta take. Wannan mutumin ya koya masa ƙarya."

Ba wanda ya yi dariya a nan.

Mai Ƙararrawa ya sa sabon hanci a madadin mai danƙon, ya juya lambarsa ta zama ta shagon tela, ya mayar da kowanne ɗakinsa. Sannan ya bi ginin kaf yana fesawa, Hajiya tana karantawa, har ta fara jin daɗin aikin tana ce masa ya yi sauri. Kowane ɗaki ya amsa sunansa. Ya mayar da allon kan aiki, koriyar fitila ta kama ita kaɗai.

Hajiya ta ba Gwaggo haƙuri a gabanmu, mu ma muka ba ta, don mun yarda da allo mun ƙi yarda da ita. Mai aski ya mayar mata da dutsenta. Ta ce ta yafe wa kowa, ban da wanda har yanzu bai kawo mata cinikin reshe ba.

A ranar aka kwance makullan daga ƙugun Sarkin Makulli, aka ba mai gadi. Ɗakin nasa aka ba Gwaggo Tela tana ajiye yadi. Shi kuwa yanzu shara yake yi daga hawa na uku zuwa ƙasa, in Mai Ƙararrawa ya zo shi ke ɗaukar tsani, kuma da rana a gaban Hajiya yake cin ganyensa, ba mai, ba gishiri.