Ƙofar Usta Tursun

Hukumar Gyaran Gari ta garinmu ta yi shugabanni biyar, kowanne da irin haukansa. Na farko ya dasa itatuwa a tsakiyar gari. Na biyu ya sare su ya gina wurin fesa ruwa, wanda bai sake fesa ko ɗigo ba tun ranar buɗewa. Na uku ya cike shi da ƙasa ya mai da wurin ajiye motoci. Na huɗu bai tsinana komai ba, shi ne har gobe ake sa wa albarka.

Sai na biyar, Ergashev, wanda ya gano cewa gyara tsohuwar unguwa wahala ce, ɓoye ta ya fi sauƙi. Ya sa aka ja dogon bango a bakin babban titi, daga kasuwa har tasha, don kada manyan baƙi daga Tashkent, babban birni, su hango gidajen laka. Da yake bango haka siddan ba kyan gani, aka kira Usta Tursun, mai fentin hukumar na shekara talatin da uku, ya zana masa ƙofofi da tagogi.

Bangon nan har bakin lungun Usta ɗin ya toshe. Wani da fushi zai yi. Shi kuwa cewa ya yi gidansa ba zai zo baya ba. Wata guda ya kwashe yana zana ƙofa daidai wurin, mai sassaƙa, da zoben ƙwanƙwasawa, da inuwarta, har da 'yar tsaga irin ta tsohon katako. A ransa bai taɓa yin aiki kamarta ba. Shiga gida kuwa sai ka zagaya ta bayan gidan wanka, ka bi lungun mahauta, ka tsallake kwata biyu.

Da auren ɗansu Sardor ya matso, matarsa Salomat ta ce, "Baban Sardor, ka sa kwatancen hanya a katin gayyata."

"Wa bai san gidana ba a garin nan? Ke dai ki ji da gurasa."

Ranar walimar safe, maza ɗari uku aka gayyata su ci osh, dafa-dukan shinkafarmu ta biki, bayan sallar asuba. Shinkafa ta nuna a katuwar tukunya, naman rago da karas sun sha mai, shayi ya hau tebur. Gari ya waye tas, ko mutum ɗaya bai shigo ba. Mai girki ya ce in aka ƙara rabin awa zai sauke musu talge, kada kuma a ambaci sunansa. Mutumin da aka ƙi cin osh ɗin ɗansa, ba ya sake ɗaga kai a shagon shayi har ya mutu.

Usta Tursun ya zura takalmi ya bi lungun mahauta da gudu. Yana ɓullowa titi ya ja birki.

Ga su nan duka, sun sha kwalliya, sun yi layi a gaban ƙofar fenti. A gaba kakan amarya ne, Hoji Normat, ɗan shekara casa'in daga wani gari, yana ƙwanƙwasa zoben da sandarsa. 'Yan gari sun san fenti ne sarai, amma wa zai buɗe baki ya gyara wa dattijo, baƙo, kuma suruki? Sai kowa ya naɗe hannu yana jiran mai gida ya buɗe, kamar yadda tarbiyya ta ce.

Allah Ya yafe wa Usta, abin da ya fara ji daɗi ne. Har sai da ya ɗan tsaya ya ƙara kallo.

"Ɗana," in ji Hoji, "mutanen gidanka kurame ne?"

Tsohon ba zai iya tsallake kwata ko ɗaya ba, ba kuma mai shiga kafin shi. Usta ya hango Ergashev a sahu na biyu, ya matsa ya yi masa raɗa.

"Bangon hukuma ne," in ji Ergashev. "Rubuto takarda, kwamiti ya zauna, cikin wata uku ka ji amsa."

Sai iska ta kwaso ƙamshin osh ta saman bango. Cikin shugaban ya yi ƙugi har sahu na huɗu suka ji.

"Sai dai," ya ce yana kallon sama, "a taswirarmu ƙofa ce a nan. Ni ban taɓa jin an hana mutum buɗe ƙofarsa ba."

Wani maƙwabci ya miƙo guduma. Usta ya ɗaga, ya dubi sassaƙar, ya dubi 'yar tsagar, hannunsa ya ƙi sauka. Ya sake ɗagawa, ya sake kasawa.

Daga bayan bango murya ta taso. "Baban Sardor! Kai ne a nan?"

"Ni ne, Maman Sardor, bari in ɗan yi tunani..."

"Ka yi a gefe! Ku janye tsohon nan!"

Sara uku Salomat ta yi da gatarin faskare. Simintin hukuma dama ba a cika sa shi a ginin hukuma ba, ƙofar ta zube kamar busasshiyar gurasa. Ga ta tsaye cikin ƙura, ta gyara ɗankwali, ta ce su shigo kafin abinci ya huce.

An ci osh, an suɗe faranti, an yi addu'a, mai girki ma ya yarda a ambaci sunansa. Usta Tursun ya tsaya a bakin ramin, hannu a ƙirji, yana yi wa maza ɗari uku sannu da zuwa, su kuma suna tattake aikinsa ɗaya bayan ɗaya. Hawaye na bin gemunsa. Kowa ya wuce sai ya dafa kafaɗarsa ya ce farin cikin aurar da ɗa kenan, shi kuma bai musa wa kowa ba.