Barde Ya Juya Wa Titi Baya

Tun da Sada da Zayyad suka haɗa hannu suka buɗe shagon aski a bakin titin Makarfi, ba su taɓa samun saɓani ba sai a kan bangon gaba. Sun yarda a zana wani jarumi a jikinsa don ya jawo samari. Wane jarumi? Nan gizo ke saƙar.

Sada yana da wani gem a wayarsa, na wani mai takobi da ke ratsa dajin aljanu yana sare dodanni. Sunansa na Turanci ya ƙi zama a bakin kowa, sai suka raɗa masa Barde. Shi kuwa Zayyad littafin zane gare shi, na wani ƙato mai tashi sama ba fiffike, suna ce masa Na-Sama. Littafin ma ba saye ya yi ba. Zulaihatu mai awara ce ke ƙunshe wa mutane awara da shafukansa, shi kuma ya bi ya tattara, ya ɗinke da zare, duk sun sha mai da yaji.

Ranar da Ɗan'azumi mai fenti ya iso daga Kudan, da gwangwanayensa ɗaure a bayan mashin, bayan doguwar gaisuwa sai ya ce yana da wani aikin a Ikara, su nuna masa abin da zai zana.

Sada ya riga ya ci alwashi a gaban 'yan majalisarsu cewa Barde ne zai hau bangon nan, in ba haka ba a sake masa suna. Don haka ya yi wuf ya fisge littafin daga hannun Zayyad.

"Yaya Ɗan'azumi, don Allah dubi wannan shirme. Mutum yana ɗaga dutse da hannu ɗaya, harsashi ba ya huda shi, to ina daɗin? Ɓarawo ya shigo gari, maimakon ya kama shi sai ya tsaya a sama yana surutu, shafi bayan shafi, kamar mai tallan maganin basir."

"Kai da ba ka jin Turancin, ina ka san abin da yake faɗa?" in ji Zayyad.

"Kai kana ji? Kuma ina ƙarshen labarin? Wani ɗan ƙauyen Dandamisa ya cinye awara ya share hannu da shi!"

"Na ji. Naka fa? Tun damina kake bakin gada ɗaya, dodo ɗaya ke kashe ka. Ka danna tsalle yau, sai gobe ya yi. Jiya ma na ga ƙafarsa ta nutse a cikin bango yana ta karkarwa kamar kazar da aka yanka."

Maganar ta soki Sada, don gaskiya ce. Shi kansa ya sha kusan buga wayar da ƙasa. Gem ɗin na zafafa waya har ba ta riƙuwa, ya zuƙe caji, kuma daidai lokacin da dodo ya kawo sara sai hoton ya karkace ya nuna masa ganyen bishiya. Amma ai ba a gaban Zayyad zai faɗi haka ba.

"Wahalar ita ce daɗin," ya ce. "Ni nake riƙe da takobin. Kai kuwa kallo kawai kake."

Ɗan'azumi ya ja tsaki, ya karɓi littafin, ya ɗaga shafi ɗaya yana dubawa a rana. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan da kaya a jikinsa kuwa?"

"Akwai mana, Yaya," in ji Zayyad. "Matsattsu ne."

"To ni dai ban ga maraba da tsirara ba. Nan ne hanyar masallaci, nan Malam Zainulabidin da ya ba ku hayar shagon nan yake bi da ɗalibansa. Ku za a kora, ni za a zaga. Ba da hannuna ba."

Sada ya yi tsalle ya doki kafaɗar Zayyad. "Ka ji ko! Barde, sulke har wuya!"

Ya buɗe gem ɗin. Sai da aka jira ya gama lodi, Ɗan'azumi na ta kallon rana. Can ga Barde ya bayyana, tsaye a bakin gada, takobi rataye a baya.

"Madalla. Juyo min shi in ga fuskar."

Sada ya murza yatsa hagu, Barde ya juya, hoton ma ya bi shi ya koma bayansa. Ya murza dama, haka. Ya sa shi gudu, ya sa shi tsalle, ya manna shi da bango ko zai waiwayo, sai hoton ya shige cikin kansa, allon ya yi baƙi. A nan ne abin ya faɗo wa Sada: duk watannin nan ƙeyar mutumin nan yake bi, bai taɓa ganin idonsa ba. Ana cikin haka dodo ya fito ya kashe shi.

"Allah ya jiƙan maza," in ji Zayyad.

"To ka ƙirƙiro masa fuska mana, Yaya," Sada ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Ni abin da na gani nake zanawa. In na ƙirƙiro, gobe ka ce bai yi kama ba. A zana haka, ko in kama hanyar Ikara?"

Sada ya waiga. 'Yan majalisa sun fara taruwa a gindin darbejiya, suna shan rake suna jiran hukunci.

"Zana."

Kafin la'asar aiki ya kammala, kuma tsakani da Allah ya yi kyau. Ga sulke yana ƙyalli, ga takobi, ga faffaɗan baya. Ga kuma gashi buzu-buzu ya zubo har kafaɗa, a jikin shagon aski.

Wani dattijo da ya ɗauko karan dawa a keke ya taka birki, ya ƙare wa bangon kallo.

"Samari, wannan fushi ya yi ya tafi, ko ku ne kuka kasa yi masa askin?"

Zayyad ya zube a benci yana riƙe ciki. Sada kuwa ya shiga ciki ya jona wayar a caji, ya kife ta.