Makullan Kawu Direba

Kawu Direba mutum ne mai tsari, kuma tsarin nasa ne ya ja masa. Yaran da yake kaiwa makaranta ne suka sa masa sunan, har iyayensu suka ɗauka. Motar tasa ce, kuma ita ce abincinsa: da safe ya bi gida-gida ya kwashi yara, da rana ya mayar da su, ƙarshen wata iyaye su sallame shi.

Makullansa duk a zobe ɗaya suke, na mota, na ɗaki, na durowa, da na babbar ƙofar gidan hayar da suke zaune. Kuma kar ka ce bai yi tanadi ba. Makullin mota na ko-ta-kwana yana kulle cikin durowa a ɗaki. Na ɗakin kuma yana ajiye cikin aljihun mota. Shi a ganinsa ya gama dabara.

Ranar Asabar ya kai matarsa kasuwa. Suka gama cefane, suka dawo wurin mota, ya sa hannu a aljihu ya ji wayam. Ya lalube wancan aljihun, ya zazzage ledojin cefane a ƙasa, ya koma rumfa-rumfa yana tambaya har ƙafafunsa suka yi nauyi. Ko faɗuwa suka yi ko zare su aka yi a cunkoso, oho.

"To ai da sauƙi," in ji matar. "Ba akwai wani a gida ba?"

"Akwai. Amma makullin ɗakin yana cikin motar nan."

Ta dube shi, ta dubi motar, ta ce, "Sannu da dabara, maigida."

Daga nan aljihunsa ya fara zuba. Kafinta ya ɓalle ƙofar ɗaki, ya ɓalle durowa, aka biya shi ladan ɓarna, aka sake biyan sa ladan gyara. Mai gidan haya ya ce ba zai kwana da fargaba ba alhali makullin ƙofarsa yana hannun wanda ba a sani ba, sai an canza kwaɗo, kuma kowane ɗan haya a yanka masa nasa. Wa zai biya? Kawu mana.

Duk wannan bai ƙona masa rai kamar makullin motar da ya ciro daga durowar ba. Ya buɗe ƙofar mota lafiya lau, amma da ya murɗa, injin ko tari bai yi ba. Mai yankan makulli ya jujjuya shi ya ce, "Wannan ai na buɗe ƙofa ne kawai, Malam. Motar nan sai makullin da kwamfutarta ta sani. Sai an yi odar sa, sannan a haɗa su." Ya faɗi kuɗin, Kawu ya nemi benci ya zauna. Ga kuɗin janwen da ya jawo motar daga kasuwa, ga na mai gadin da motar ta kwana a wurinsa.

Amma yaran fa? Makaranta ba ta jiran kowa. Ya kira wani abokinsa direba, wanda suke ce wa Dogo, mai sabuwar bas, ya roƙe shi ya riƙe masa su kafin motar ta tashi. Da bakinsa ya kwatanta masa kowane gida, ya gaya masa yaron da ke makara, da yarinyar da ba ta son zama kusa da taga. Dogo ya ce, "Haba, ai yi wa kai ne."

Odar ta yi ta jan ƙafa, yau gobe, yau gobe. Matar ta sayar da 'yan kunnenta aka cika kuɗin. Ya gaji, gajiyar da barci ba ya sauke ta.

Ranar da motar ta tashi, ya wanke ta tas, ya fita da sassafe. A gidan farko ya danna hon. Uwar yaran ce ta fito, tana murza hannu.

"Kawu, sannu da ƙoƙari. Wallahi kunyarka nake ji. Yaran ne suka saba da bas ɗin, akwai sanyi a ciki, babansu kuma har ya biya na zangon nan gaba ɗaya."

Gida na biyu ma haka. A na uku mai gadi ne ya leƙo ya ce ai sun tafi tun ɗazu. Ya kira Dogo a waya, sai da ta kusa tsinkewa ya ɗauka, hayaniyar yara tana tashi a bayansa.

"Kawu, ni fa ban roƙi kowa ba. Su suka ce."

Kawu ya gangara gefen titi ya tsaya, yana jin muryoyin da ya sani ɗaya bayan ɗaya, har wayar ta katse. Sannan ya kashe motar, don kar mai ya ƙone a banza.