Ranar da Ƙofar Jijiya Ta Buɗe

A ɗakin binciken jijiyoyi ba mai yin tari sai da izinin Tsit. Ɗalibar digiri na uku ce, abokan karatu ne suka laƙaba mata sunan, don ko kujera ka ja sai ta watso maka harara.

Ba laifinta ba ne. Aikinta ta manna bakin wata allurar gilashi, wadda ta fi gashi siranta, a jikin ƙwayar jijiya guda. A fatar ƙwayar akwai 'yan ƙofofi. Da sinadarin saƙo ya taɓa su sai su buɗe nan take, gishiri mai caji ya kwarara ciki, lantarki ya motsa. Motsin nan take so ta ɗauka a kwamfuta. To, tebur na girgiza allura za ta saki, aiki ya koma ɗanye. Wata da watanni tana fama, ga Farfesan da ke duba aikinta ya ce yau ce ranarta ta ƙarshe a kan na'urar binciken. In ba sakamako, sai baɗi.

Don haka ta kafa doka. Ta kashe fanka, ta kori mai shara, ta ƙwace wayar Dogo abokin karatunta. Farfesa kansa da ya leƙo sai da ya tuɓe takalmi.

"Ranka ya daɗe, a ɗan rage numfashin nan," ta raɗa masa.

Bawan Allah, da furfurarsa da komai, ya tsaya cikin safa yana satar iska kamar ɓarawo.

Allura ta sauka a hankali, ta kama. Tsit ta ɗiga sinadarin. Layin da ya saba kwanciya a fuskar kwamfuta ya zabura ƙasa, ya dawo, ya sake zabura.

Daɗi ya kashe ta. Ba ta san sanda ta daka tsalle ta buga tebur da hannu biyu ba.

"Ta buɗe! Wallahi ta buɗe!"

Allura ta karye, ƙwaya ta fashe, layi ya wargaje.

"Kin dai danna maɓallin ɗauka ko?" in ji Dogo a tsorace.

Ba ta danna ba. Ta zube kan kujera, ga shi ba wanda za ta harara.

Farfesa ya sauke dogon numfashi. "Kin ga aikinsu ke nan. Irin ƙofofin nan ne a naman hannunki, sun buɗe tun hankalinki bai iso ba. Na tsufa ina koyar da saurinsu, ban taɓa samun misali kamar wannan ba."

Ta share hawaye. "To ranka ya daɗe, ba za a sa mini maki a kansa ba?"

"Maki kam babu," in ji shi. "Amma ki zo ki maimaita wa 'yan aji ɗaya. Ai kina nan har baɗi."