Baba Jatau na Layin Baya

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma na san faifan nan ne ya jawo shi. Kwanan nan na fara tara faya-fayan garmaho na kiɗan jaz irin na da, wanda makaɗa kusan ashirin ke haɗuwa su busa tare. Guda ɗaya na samu zuwa yanzu, kuma ban taɓa kunna shi ba, don an ce duk bin da allura ta yi a kansa sai ta ɗan ci shi.

Na tsinci kaina a wani gari inda ruwa ke tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama, mutane na tafe a tsaye cikin lemominsu da suka juya baki sama. Na shiga ofishin kula da sauti. Wani bunsuru ne shugaba, yana tauna hular wanda ya riga ni zuwa. Ya ce mai son tara faifai sai ya fara ganin inda ake saƙa shi. Na ce ai faifan garmaho ba a saƙa shi. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam Ila, faifai faifai ne."

Sai ga ni a tsakar gidan wata tsohuwa mai saƙa, Gwaggo Tabawa. Ta turo mini ƙwarya rufe da baƙin faifai, ta ce nawa ne. Na ɗaga. Makaɗa ne a ciki, kowanne bai fi yatsa ba, sun jeru layi-layi cikin fararen kwat, kayan busarsu na walƙiya. Duk sun kumbura kumatu, ba mai motsi. Gwaggo ta ce tun ranar da na kai su gida suka ja numfashi suna jiran in kunna. In na ɗora basillarta a kan faifan za su busa, amma kowane zagaye kaba na tsinkewa, kuma makaɗan layin baya ne ke fara gogewa.

Na zauna ina juya abin. In na bar su, ba za su mutu ba, ba kuma za su yi numfashi ba. In na kunna, ni na cinye su. Bunsurun ya leƙo ta katanga ya ce ya duba shari'ar, ko ta ina ni ne da laifi, sannan ya koma.

Na sunkuya wajen na ƙarshe a layin baya, wani tsoho riƙe da dogon kakaki mai zuƙewa yana komawa. Gwaggo ta ce Jatau sunansa. Na ce, Baba, kai za ka fara tafiya, me ka gani? Ya amsa ta gefen baki don kada iskar ta kuɓuce.

"Ɗana, busa ɗaya gare ni a duk waƙar nan, can wajen ƙarshe. In ka rufe ƙwaryar, ba ni ka adana ba. Kumatu ka adana."

Na ɗora basillar.

Masu algaitun ƙarfe suka fara shigowa kamar mata na lugude a turmi ɗaya, taɓarya ba ta bugun taɓarya. Masu kakaki suka amsa musu daga baya. Mai ganga bai ɗaga murya ba, amma kowa a kan tafinsa yake tafiya. Wani ya miƙe ya faɗi tasa shi kaɗai, sauran suka rage sauti suka ba shi hanya, ya gama ya zauna. Ban taɓa ganin taron maza haka ba, kowa na da abin faɗa, ba wanda ya katse ɗan'uwansa. Ruwan ma ya tsaya daidai gwiwa yana saurare.

Ni dai idona na kan Baba Jatau. Takalmansa suka goge, sannan gwiwoyinsa. Bai duba ba. Yana ta kaɗa ƙafar da babu ita, yana jiran wurinsa. Da wurin ya zo, ya ɗaga kakakin ya busa, ƙasa-ƙasa, gajeriya. Waƙar duka ta zauna a kanta kamar tukunya a kan dutsen murhu. Kujerarsa ta zama wayam. Na kusa da shi ya ɗan matsa gefe, kamar mai ba babba hanya.

Kiɗa ya ƙare, sai basilla na ta zagaye, shaf, shaf, shaf.

Na buɗe ido. Gari ya waye, matata Ladidi ce a bakin ƙofa tana bakacen gero da tsohon faifanta da duk bakinsa ya zare.

Na ce, "Ladidi, ina kika ga na ajiye allurar garmahon nan?"