Rabin Kitso a Ofishin Darakta

Sati uku Malama, mai bincike daga jami'a, ta yi tana bin gidajen unguwar bayan tasha da takardun tambayoyi. So take ta gano abin da ke hana matan unguwar zuwa gwajin kansar nono da ta bakin mahaifa sai ciwo ya ci jiki, alhali matan tsakiyar gari da wuri suke zuwa. Duk wadda ta tambaya sai ta ce, "Lafiya lau, 'yar nan."

Da ta gaji, ta faɗa shagon kitso ta kai kuka wurin mai shagon, wadda ake kira Rediyo saboda bakinta ba ya hutawa.

"Ke ma da abinki," in ji Rediyo. "Mace na tsaye a ƙofa, tukunyarta na ƙonewa, me za ta gaya miki? Zauna nan ki riƙa rubutawa. Wadda kanta ke hannuna ina za ta gudu?"

Duk wadda ta zauna kitso, sai Rediyo ta ce, "Hira ce ta taimakon mata, kin yarda?" Kafin a gama tsaga an kwance bakin jaka. Matan suka ce mota biyu ake hawa zuwa babban asibiti. Na'urar ƙaramin asibitinsu ta shekara a lalace, an ɗora mata tukunyar fulawa. In ka samu layi, sai bayan wata huɗu. Cikin kwana goma Malama ta cika takarda ɗari da arba'in.

Sau uku suna kai rahoto wurin daraktan lafiya, sau uku yana cewa za a duba.

Sai Rediyo ta shiga yajin aiki irin nata. Ta yi wa mata talatin kitso rabi, ta ajiye tsinke, ta ce sauran sai darakta ya sa hannu. Washegari suka cika ofishinsa, kowace ɗankwalinta ya kumbura gefe guda. A gaba akwai yayar daraktan, wadda ta goya shi.

"Auta," ta ce a gaban ma'aikatansa, "dubi kaina. Kwana na yi a kan kunne ɗaya."

"Yaya, don Allah, a ofis muke."

"Na ga ofis. Ina biro?"

Ya karanta rahoton a tsaye, yana share gumi. Da ya kai shafin matan da suka rasu suna jiran layi, ya zauna. Ya sa hannu a riƙa turo motar gwaji duk wata, da ma'aikatan jinya mata.

Ranar da motar ta fara zuwa, aka nemi Rediyo aka rasa. A bayan labulen shagonta aka same ta, wai kanta ke ciwo. Mata huɗu suka tasa ta gaba zuwa motar gwajin, tana ta rantsuwa lafiyarta lau. Ta fito bayan minti goma tana gyara mayafi, ta dubi layin ta ce, "To, matsorata, ku matso, ba zafi!"