Hoton Layin Teloli

Matar ta shigo laburare da kayan aikin asibiti a jikinta, ko zama ba ta yi ba ta ce hoton mahaifiyarta ta zo karɓa. Malama mai kula da littattafai ta ajiye abin da take yi.

Bara ne Malama ta bi gida-gida tana roƙon aron tsofaffin hotuna don kusurwar tarihin gari. Wanda gidan su matar suka bayar na layin teloli ne a tsohuwar kasuwa kafin a rushe ta, ga mahaifiyar a kan keken ɗinki tana dariya. Shi kaɗai marigayiyar ta bari. Yanzu kuma, in ji nas ɗin, tsufa ya fara cin ƙwaƙwalwar babanta. Sunan matarsa na nan a bakinsa, fuskar ce ta ɓace masa, kullum kuka yake a nuna masa ita.

Malama ta ja ƙafa zuwa taga. Can ta manna hoton, kusa da allon da take rubuta littattafan da ya kamata a karanta, wai ko masu wucewa za su gani su shigo. Ba wanda ya shigo sai masu cajin waya da masu shan iskar fanka. Duk mako tana goge allon ta sake rubutu, hoton kuwa ba ta taɓa ɗaga shi ba. Yin kwafinsa ma kullum sai gobe. Rana kuma ba ta fashin aiki.

Ta ɓamɓaro hoton ta miƙa wa nas ɗin. Rumfunan na nan dishi-dishi. Ƙarfen keken na nan. Inda mahaifiyar take zaune, fari fat.

Nas ta juya shi gaba da baya. "Anti," ta ce a hankali, "ke ce fa mai ajiye tarihin gari guda."

Suka tsallaka titi wajen mai wanke hoto. Ya ɗaga shi sama, ya girgiza kai, ya ce abin da rana ta ci ba ta amayarwa, amma in suna so zai ɗora wata fuskar da kwamfuta, tsoho ai ba zai gane ba. Nas ta fizge hoton ta fita. Malama ta bi ta har gida, ba don an gayyace ta ba.

Tsohon na zaune bakin gado, an sa masa riga mai tsabta saboda yau za a kawo hoton. Ya karɓa da hannu biyu. Ya gane rumfar mai maɓalli, ya gane keken, har ya faɗi shekarar da ya sayo shi. Sai yatsansa ya tsaya a kan farin.

Malama ta buɗe baki za ta yi bayani, ya ɗaga mata hannu.

"Ta shiga ciki ɗauko zare ne, 'yata. Zauna, yanzu za ta fito."

Nas ta fice tsakar gida da gyale a baki. Malama ta zauna.